Erquy, Garin da Ake Su da Agogo a Hannu

Duk wanda ya san tambarin kamfanin man Shell, wannan ja da ruwan ɗorawa mai layuka da suka baje daga gindi zuwa sama, to ya riga ya san kamannin halittar da ta kai ni gaɓar tekun arewa maso yammacin Faransa. Hoton ɓawon wata kawa ce ta teku. Marcus Samuel, mahaifin waɗanda suka kafa kamfanin, ɗan tireda ne a Landan, kuma ɓawon kawa na ado yana cikin hajar da yake sarowa daga ƙasashen gabas. Da 'ya'yansa suka koma harkar kananzir sai suka riƙe sunan hajar uban, a 1904 kuma suka ɗauki wannan kawar ta zama tambarinsu. Faransawa suna kiranta kokiy San Jak, ni kuwa San Jak kawai zan riƙa ce mata.

Wurare biyu ne suka yi fice wajen kamunta a Faransa: gaɓar Normandi, da mashigin tekun Saint-Brieuc a yankin Biretan. Na biyun na nufa, saboda wani labari da ya yi kama da ƙarin gishirin matafiya. Wai akwai masuntan da doka ta ba minti 45 kacal su yi su, sau biyu a mako, kuma wannan ɗan lokacin ne ƙashin bayan arzikinsu duk tsawon hunturu.

Jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Montparnasse ta Paris yakan kai mutum wannan yanki cikin awa biyu da 'yan kai. A Rennes abokin tafiyata ya shigo, wani yaro ɗan Damagaram, ƙanen aminina, da yake karatu a can. Shi ne bakina, shi ne kunnena, don Faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Muka sauka a Lamballe muka ɗauki mota zuwa Erquy, ƙaramin gari mai mutum kimanin 4,000, wanda aka gina tsofaffin gidajensa da wani dutse ja-ja da ake fasawa a tsaunin bayan gari. Watan Disamba ne, ga sanyi ga iska mai laima, irin wadda rigar sanyinmu ta gida ba ta san da zamanta ba.

Tekun ne ya fara ɗaure mini kai, tun kafin in ga kawar. Da muka iso, ƙananan jirage suna kwance a kan yashi da taɓo, sun karkace, igiyoyinsu a yashe a ƙasa, ba ruwa ko na alwala. Kafin la'asar ruwa ya dawo ya ɗaga su duka. Sau biyu tekun nan yake janyewa ya dawo tsakanin dare da rana, kuma a farkon wata da tsakiyarsa, lokacin da abin ya fi ƙarfi, bambancin tsayin ruwan yakan kai mita 12. A can ƙuryar mashigin, inda ƙasa take a shimfiɗe, ruwan yakan ja da baya har kilomita 7. Shi ya sa ba a tsayar da lokacin su sai an duba jadawalin cikar teku. In yau da hantsi aka yi, jibi sai ya koma azahar.

Ranar fita, tashar ta cika da ƙarar injuna. Jiragen ba manya ba ne, domin wanda ya wuce mita 13 ba ya samun lasisin shiga wannan fili. Mutum biyu zuwa huɗu ne a kowanne, cikin rigunan leda da dogayen takalman roba. A kowane gefe an rataye kayan aikin: wata manjagara ce ta ƙarfe mai faɗin kimanin mita 2, haƙoranta suna duban ƙasa, a bayanta kuma ga jaka da aka saƙa da zobban ƙarfe. In jirgi ya ja ta a ƙasan teku, haƙoran su tone kawar daga yashi, ta faɗa jaka. Faɗin zobban ma doka ce ta yanke shi, don ƙananan su zurare su koma inda suka fito.

Muka hau tsaunin da ya miƙe cikin teku, inda ake hangen mashigin sosai. Filin kawar yana da faɗin hekta 150,000, kuma jirage sama da 200 ne suke da lasisi, daga Erquy, da Saint-Quay-Portrieux, da wajen Paimpol. Daga nesa ɗigo-ɗigo muke ganinsu, kowa ya kama wurin da ya zaɓa yana kewaye-kewaye, manjagara a rataye, ba mai saki. Sai ga wani ɗan ƙaramin jirgin sama yana shawagi ƙasa-ƙasa. Shi ne ɗan sandan wurin, kuma ƙungiyar masuntan ce take ɗaukar hayarsa ya sa musu ido. Wanda ya saki ƙarfensa kafin lokaci, ko ya bar shi cikin ruwa bayan lokaci ya cika, zai sha tara, wani lokaci har a hana shi fita na wasu kwanaki, yana ji yana gani maƙwabtansa suna sauke buhuna.

Lokaci na cika, sai duka ɗigon nan suka miƙe a tare. Abokin tafiyata ya kalle ni ya ce, "Yaya, ai wannan Argungu ce!" Gaskiyarsa kuwa. A Matan Fada ma haka ake tsare ruwa shekara guda ba mai jefa homa, sai ranar da aka harba bindiga dubban masunta su afka da gora, cikin ɗan lokaci a ce a fito. Sai dai namu biki ne, nasu kuwa haka suke neman abinci tun daga faɗuwar sanyi har watan Afrilu. Sauran kwanakin mako suna kamun kifi da ƙaguwa da wasu nau'o'in kawa, amma San Jak ce take biyan bashin jirgi. Da na tuna yadda ake tace madatsun ruwanmu da gidan sauro, har da masu zuba guba don su kwashe babba da ƙarami a yini ɗaya, sai na ji ba daɗi. Dabarar tsare ruwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, muna da Sarkin Ruwa tun kafin Bature ya zo. Mun dai bar ta ta koma kayan kallo.

Bayan minti 45 ɗin ne aiki yake farawa. Ana zazzage jakunkunan a kan jirgi, kawa da duwatsu da tarkacen teku a cakuɗe, a durƙusa a tsince ɗaya bayan ɗaya, hannu yana ƙanƙara. Kowa yana da ɗan ma'auni na ƙarfe ko na roba, kuma duk kawar da faɗinta bai haura santimita 10 da ɗoriya ba, ruwa za ta koma da ranta. Da suka dawo tasha, ƙugiya ta riƙa ɗaga buhuna daga jirgi zuwa kan gaɓa, ana ɗorawa a sikeli. Ba a wuce da ko buhu ɗaya ba tare da an auna an rubuta ba. Gwanjon ma yanzu ta kwamfuta ake yinsa, ba ihu ba ɗaga hannu.

A wani shagon kifi kusa da tasha ne na ga cikinta. Dattijuwar da take da shagon ta lura ina ta jujjuya ɗaya a hannu, sai ta karɓa ta ɗauko wuƙa. Ɓawo biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba: na ƙasa mai zurfi, fari-fari, na sama shafaffe, ruwan ƙasa mai ja. A gindin da suka haɗu akwai kunnuwa biyu, dama da hagu, da wata baƙar jijiya mai tauri wadda kullum take tura ɓawon ya buɗe. Ta zura wuƙar ta bi jikin shafaffen ɓawon, ta yanke abin da ya riƙe shi, ya ɗago. A tsakiya ga wata farar tsoka, kewayayya, faɗinta bai wuce na yatsu uku ba, tana motsi. Ita ce kuɗin. Ita ce take jan ɓawon ya rufe, kuma ita ake kira nama. Ta nuna mini wani ɗan yanki a gefen tsokar, ya fi fari ya fi tauri. Ashe tsoka iri biyu ce a manne: babbar mai saurin damƙewa ce amma tana saurin gajiya, ƙaramar kuwa a hankali take aiki, ita take riƙe ƙofa a rufe na tsawon lokaci ba ta gaji ba. Sauran abin da yake ciki, da gezar da ta kewaye bakin ɓawo, da labulen da take numfashi da shi, da wata baƙar jaka wadda ita ce cikinta, dattijuwar ta sa babban yatsa ta share su zuwa bokiti a motsi ɗaya. Ta ce sai an fasa kilo 7 ko kusa da haka kafin a tara kilo ɗaya na tsoka, don haka kada tsadarta ta ba ni mamaki.

Wani abu kuma da ban gani a ciki ba, ta ce da Normandi na je da na gan shi: wani lanƙwasasshen yanki mai launi biyu, ruwan lemo da fari. Wannan sashen haihuwa ne, ruwan lemon na mace, farin na namiji, domin kowace San Jak mace ce kuma namiji ce a jiki ɗaya. Ta Saint-Brieuc ba ta cika wannan sashe a lokacin sanyi, sai bazara ta gabato, shi ya sa 'yan kasuwa suke kiranta fara. Mutanen Biretan suna cewa tasu ta fi zaƙi, mutanen Normandi suna cewa tasu ta fi cika. Ban shiga wannan shari'a ba.

Kafin ta zubar da gezar ta biyu, na roƙe ta ta bari in duba. A jere a bakin gezar, tsakanin wasu siraran gashi, akwai ɗigo-ɗigo masu sheƙi, baƙi-baƙi da ɗan shuɗi, kowanne bai wuce milimita ɗaya ba. Idanu ne. Kawa ɗaya takan yi ido har 200, ga shi ba ta da kai, ba ta da ƙwaƙwalwa irin wadda muka sani, sai 'yan ƙulle-ƙullen jijiya. Ginin idon kuma daban yake da namu. Namu ƙwayar gaba ce take tattara haske ta kai shi baya. Nata madubi ne a can ƙuryar idon, haske ya shiga ya bugi madubin ya dawo ya sauka a kan shimfiɗa biyu masu karɓar hoto. Wani masani ɗan Ingila, Michael Land, shi ya gano haka a 1965. A 2017 kuma masu bincike na Cibiyar Weizmann a Isra'ila suka duba madubin da na'ura mai ƙarfi, suka tarar an jera shi da ƙananan ƙyalli masu kusurwa huɗu, ɗaya gefen ɗaya, hawa-hawa, irin tsarin da injiniyoyi suke bi wajen haɗa manyan madubin hangen taurari. Na tsaya ina kallon abin da aka share zuwa bokitin shara, na ce tsarki ya tabbata ga Mai halitta.

Da idon nan take ganin inuwa da motsi ta rufe ƙofa. In kuwa babban maƙiyinta ne ya taɓa ta, wato wata halitta mai siffar tauraro da ƙafa biyar, wadda takan rungume kawa ta ja har tsokarta ta gaji, to rufewa ba ta da amfani, sai gudu. Nan ne San Jak ta sha bamban da yawancin danginta: tana iyo. Takan buɗe ta ɗebi ruwa, ta rufe da ƙarfi, ruwan ya fita ta gefen kunnuwa biyu ya tura ta gaba, ta sake, ta sake, tana tafe tana tangaɗi. 'Yan mitoci kaɗan take yi ta gaji ta faɗi, amma sun isa, don mai bin nata ja da ciki yake tafiya. Wannan babbar tsoka da Turawa suke biya da tsada, ta gudun ceton rai ce.

Rayuwarta ba ta da hayaniya. Da bazara take zuba ƙwai cikin ruwa, miliyoyi, mafi yawa su zama abincin wasu. Waɗanda suka ƙyanƙyashe su yi mako uku zuwa huɗu igiyar ruwa tana yawo da su, ido ba ya ganinsu, sannan su sauka su manne da wani abu da ɗan siririn zare. In suka yi ƙwari sai su saki zaren, kowace ta yi wa kanta ɗan gurbi a yashi, ta kwanta a kan ɓawo mai zurfin, ta bar ƙura ta rufe shafaffen. Daga nan sai tace ruwa: tana jan shi ciki, tana tsince ƙananan tsirran da suke yawo a cikinsa. Da sanyi girma yakan tsaya, ya bar zobe a jikin ɓawo, don haka masunci yana ƙirga shekarunta da ido. Cikin shekara 2 zuwa 3 take kai girman da doka ta yarda, in kuma ta tsira takan haura shekara 10. Masu bincike a Brest sun nuna cewa ban da zoben shekara, tana ajiye siririn layi ɗaya kowace rana a lokacin girma, har ana iya karanta ɗumin ruwa da yawan abincin wata rana ta bara a jikin ɓawonta.

Wannan ƙirga shekaru shi ne gindin dokar minti 45. Kowace shekara, a ƙarshen bazara, jirgin cibiyar binciken teku ta Faransa, Ifremer, yakan zagaya mashigin yana ɗiban samfuri, a ƙirga 'yan shekara ɗaya, da 'yan biyu, da manya. Da wannan lissafi kwamitin masunta yake zama ya yanke abin da za a ɗiba da abin da za a bar wa baɗi. A 'yan shekarun nan binciken ya yi ta nuna yawan da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ƙirga.

Ba da hankali aka fara ba, da wuya aka koya. Yadda ake bayarwa, kafin shekarun 1960 kawar ba ta da yawa a nan, saboda oktofas, dabbar nan mai hannu takwas, ya addabe ta. Sai aka yi wani mugun sanyi a hunturun 1962 zuwa 1963 wanda ya kashe oktofas ɗin, kawa ta samu sarari ta cika mashigin. Jirage suka yo ca daga ko'ina, kowa yana kwasa iya ƙarfinsa. Da aka ga inda abin ya dosa, a 1973 aka shigo da lasisi, aka fara rage kwanaki da sa'o'i. Duk da haka kamun ya yi ta raguwa, zuwa ƙarshen shekarun 1980 ya faɗi ƙwarai, kafin ya farfaɗo.

A cikin waɗancan shekaru ne wasu masu bincike uku suka je Japan suka ga yadda ake kiwon irin tasu kawar: a rataya jakunkuna cikin teku, 'ya'yan su manne, a raine su inda maƙiyi ba ya kai musu. Suka dawo suka gwada a Saint-Brieuc, shugabannin masunta suka amince a keɓe wuri kada a taɓa. Shekarar farko 'ya'yan suka manne, daga baya suka ƙi. Sannan wani dare, gab da Kirsimeti, lokacin da farashi yake sama, wasu masunta suka kasa daurewa, suka afka wa wurin da aka keɓe suka kwashe. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani malamin ilimin zamantakewa, Michel Callon, ya rubuta wannan labari a wata maƙala ta 1986 da har yau ake karantawa a jami'o'i. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, mutanen nan ba waliyyai ba ne. Sun san halinsu, shi ya sa suka yarda su biya kuɗin jirgin saman da zai kama su.

Ba kuma zan ce tsarin ba shi da aibi ba. In ka ce wa mutum minti 45 gare shi, ka koya masa gaggawa, gaggawa kuwa a teku kashe mutum take yi. Manjagara takan maƙale a dutse, jirgi yana cikin gudu, ya karkata, wani lokaci ya kife. Igiyar ƙarfe takan tsinke ko ta kama hannu. Sannan haƙoran nan ba kawa kaɗai suke tonowa ba, huɗa suke yi wa ƙasan teku, su farfasa duk abin da ya yi gida a can. Akwai 'yan ƙalilan masu lasisin nutso, waɗanda suke tsinto ta da hannu ɗaya-ɗaya ba su ɓata komai ba, amma tasu ta fi tsada, kuma ba za ta ciyar da jirage 200 ba. A ganina, abin da ya rage ɓarnar manjagara a nan shi ne ƙarancin lokacin da take yi cikin ruwa, ba kyan ƙirarta ba.

Dokar ƙasa ta hana masuntan Faransa taɓa San Jak daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba, lokacin haihuwarta. Wannan ne ya jawo rigima a gaɓar Normandi, domin dokar ba ta hau kan jiragen Birtaniya ba, waɗanda sukan zo su yi kamu a ruwan da ya wuce mil 12 daga gaɓa, Faransawa suna zaune suna kallo. A ƙarshen Agusta 2018 jiragen Faransa wajen 35 suka tare na Birtaniya 5 cikin dare, aka yi jifa da duwatsu, aka yi karo da jirage, har sai da hukumomin ƙasashen biyu suka shiga tsakani. Da na tayar da zancen a tashar Erquy, wani dattijon masunci ya ɗaga kafaɗa, ya ce nasu mashigin yana cikin ruwan Faransa, baƙo ba ya shiga, in kawa ta ƙare ba su da wanda za su zarga sai kansu.

Danginta ma mun kai musu ziyara, ko da yake a gurguje. A Hillion, can ƙuryar mashigin, in ruwa ya janye sai ka ga dubban turaku a jere cikin taɓo, kowanne ya yi baƙi ƙirin da wata 'yar doguwar kawa da suke kira mul. Ita da zare take ɗaure kanta, ta zauna nan har a zo da tarakta a girbe ta. A Cancale kuwa, gabas da Saint-Malo, kawar da ake sha ɗanya ce sarauniya. Ita ɓawonta ɗaya take liƙawa a dutse tun tana ƙarama, ba ta ƙara motsawa. Yawancin wadda ake kiwo a Faransa yau asalinta ta Japan ce, an shigo da ita a farkon shekarun 1970 bayan cuta ta kashe wadda ake kiwo kafin nan. A kasuwar bakin gaɓa ake fasa wa mutum, ya matsa lemon tsami ya kurɓe, ya jefa ɓawon a kan yashi, inda ya taru ya yi tudu. Abokin tafiyata ya kurɓi ɗaya, ya yi shiru, ya ce, "Yaya, ruwan gishiri ne da majina." Ban ƙaryata shi ba.

Duk waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne, masu ɓawo biyu, marasa kai, masu tace ruwa. Ƙumbar rafi da ake tsinta a bakin Kwara da Binuwai tasu ce, haka ma kawar da matan Ada da Sogakope suke soyawa suna sayarwa a bakin kogin Volta, wadda 'yan uwanmu na Ghana suka sani. Dodon koɗi da wuri kuwa 'yan uwa ne na nesa, masu ɓawo ɗaya, masu kai da ƙafar tafiya. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, har wani Bature matafiyi, Barth, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan 2,500 a Kano a 1851, daga tsibiran Maldives na tekun Indiya ya fito.

Sunan San Jak kuma na Yaƙub ne, ɗaya daga cikin hawariyawan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda Kiristoci suke cewa kabarinsa yana Santiago de Compostela a arewa maso yammacin Sifen. Tun ɗaruruwan shekaru masu ziyarar wurin a ƙafa sukan dawo da ɓawon a rataye, shaidar sun kai. Har yau hoton ɓawon, ruwan ɗorawa a kan shuɗi, shi ne alamar hanyar, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin Biretan tana tashi ne daga tsohon gidan ibada na Beauport, kusa da Paimpol.

Saura ci. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da yake rayuwa a teku halal ne, ko kifi ne ko ba kifi ba. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Matsalar Musulmi a nan tana wajen mai dafuwa, domin Faransawa sukan zuba farar giya a romonta, wasu kuma su naɗe ta da naman alade. Mu dai tsokar muka saya a wurin dattijuwar, muka koma masauki. Ta ja mana kunne kada mu wuce minti ɗaya ko biyu a kowane gefe, a kasko mai zafi da man shanu. Bayanta ya yi ja, cikinta ya tsaya fari da laushi, ga wani ɗan zaƙi-zaƙi da ba na sukari ba, ba ƙarni ko kaɗan. Wadda muka manta a wuta ta yi tauri, sai tauna. Yaron ya fito da yajin ƙuli da aka aiko masa daga gida, muka barbaɗa, kuma da dattijuwar ta gani da ta yi salati irin nasu, amma ya karɓe ta.

Akwai hatsari ɗaya da ya kamata a sani. Tun da tace ruwa take yi, duk abin da yake ruwan yana taruwa a cikinta. Wasu lokuta wani ƙaramin tsiro mai dafi yakan yi yawa a teku, dafin ya taru a baƙar jakar nan, kuma wuta ba ta kashe shi. A 1987 a tsibirin Prince Edward na Kanada, mutum sama da 100 suka kwanta bayan cin mul mai irin wannan dafi, 3 suka rasu, wasu suka rasa ƙarfin tuna abu. San Jak takan riƙe dafin watanni, shi ya sa hukuma take gwada ta a kai a kai, ta rufe duk wurin da aka same shi, kamar yadda aka sha yi a mashigin Brest.

Mai son ganin jiragen nan suna jiran agogo, ya zo tsakanin Disamba da Maris, ya tambayi ranar fita da sa'arta a tasha, ya kuma zo da rigar sanyi ta gaske. Mai son taro ya bari sai Afrilu, lokacin bikin rufe kamu da Erquy da Saint-Quay-Portrieux da Paimpol suke karɓa bi da bi. Kada ya tsinci kawa a bakin gaɓa ya ci bai tambayi mutanen gari ba, in kuma ya zauna a gidan abinci, ya tambayi abin da aka zuba a romon kafin ya sa cokali.